Koyon Harshe Bayan Girma: Abin da Fadamar Zauro Ta Sani

Da rani, lokacin da tudu ya bushe ƙamas, fadamar Zauro kore take shar. Wanda ya taso daga Birnin Kebbi ya nufi Argungu zai ga shinkafa iya ganinsa, ga ƙugin injinan ban-ruwa, ga masu feshi da tanki goye a baya. Ka tsayar da ɗaya daga cikin masu feshin nan, ka karɓi kwalbar maganin da ke hannunsa. A jikinta an rubuta komai: mililita nawa ake zubawa a tanki mai lita 16, kwana nawa za a jira kafin a yanke shinkafa, me za a yi in maganin ya shiga ido ko yaro ya kurɓa. Da Turanci aka rubuta, da ƙananan baƙaƙe, wani lokaci a haɗa da Faransanci saboda kasuwar Nijar da Binin. Mutumin da ya fi kowa buƙatar wannan bayani, wanda dafin zai taɓa fatarsa ya shiga huhunsa, sau da yawa ko layi ɗaya ba ya iya karantawa. Murfin kwalba ne ma'auninsa, abin da mai shago ya faɗa masa shi ne iyakar saninsa.

Kada a yi gaggawar kiran wannan mutum jahili. Mai yiwuwa ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafin buhunansa da ajami, kuma in ka ajiye shi a kasuwar Kamba zai yi ciniki da Zabarmanci har ya ci riba. Amma ka ce masa ya zo a koya masa Turanci, amsar kusan ɗaya ce ko'ina: “Ai ni girma ya zo, kai ya daskare.” Wani ya ƙara da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya nuna maka ɗansa ya ce ga wanda za a koya wa nan.

Ban yarda da wannan magana ba, kuma tarihin wannan kwari na gulbin Rima shi ne babbar hujjata. Manya sun daɗe suna koyon harsunan wasu a nan, da gemunsu da furfurarsu. Abin da ke tare su a yau ba shekaru ba ne. Kunya ce, da irin ajin da ake kiran su zuwa cikinsa.

Ƙasar da ba ta taɓa zama da harshe ɗaya ba

Jihar Kebbi, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, tana da masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Hausa ce ke haɗa su, amma a ƙarƙashinta akwai Fulatanci a rugage da garuruwa, Zabarmanci da Dandanci ta yamma wajen Kamba da Illo, Dakarci a ƙasar Zuru, harsunan Kambari da Dukawa, da na Gungawa a tsibiran Kwara wajen Yawuri. Jihar ta yi iyaka da ƙasashe biyu masu aiki da Faransanci, Nijar da Binin. Mai mota da ya ɗauko albasa daga Aliyaro zai iya kwana a Gaya ta Nijar, gobe ya ƙetare gada ya shiga Malanbil ta Binin, kuma a kowace tsayawa akwai jami'in da takardarsa ba da Turanci take ba.

Haka abin yake tun da. Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 a bakin iyakar daular Songhai, ya gina Surame. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattara a Argungu, kuma da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, abokan ƙawancensa Zabarmawa ne da Dandawa da Arawa. Ba a ƙulla yaƙi da wanda ba ka jin maganarsa. Sarkawa kuwa, masu su na wannan gulbi, sun saba bin ruwa da jiragensu su gangara Kwara ko su haura har ƙasar Mali, su yi watanni a bakin ruwan da ba a jin Hausa. Duk wanda ya dawo daga irin wannan tafiya da wani yare a bakinsa, ba a aji ya samo shi ba, kuma ba yana yaro ba.

A dubi yadda ɗan kasuwa ke fara koyo, don a nan dabarar take. Abu na farko gaisuwa. Ya koyi “fofo” da amsarta, ya riƙa maimaitawa har masu rumfa su saba da fuskarsa. Na biyu ƙidaya, kuma a nan ne ake gane mai kai, domin kuɗin sefa ba a ƙirga shi yadda aka rubuta a jikinsa. Da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa 5. Abin da aka buga wa lamba 100, a baki dala ashirin ne, Bazabarme ya ce “waranka”. Mai lamba 500 dala ɗari ce, ya ce “zangu”. Ke nan mutum yana fassara kalma, yana ninka lissafi sau biyar, yana kuma juya sefa zuwa naira bisa canjin wannan rana, duk a cikin ƙiftawar ido, mai kaya na tsaye yana jira. Dattijon da ke wannan aiki kowace ranar kasuwa shi ne zai ce maka kansa ya daskare. Daga ƙidaya sai sunayen kaya, sai kalmomin taya da sallamawa, sai barkwanci. Nahawu na zuwa daga baya, ko ma kada ya zo cikakke, kuma ba wanda ya damu, tunda ciniki ya faɗa.

Makarantar da ba ta kore kowa don tsufa

Akwai wata makarantar harshe ta manya da ta girmi boko nesa ba kusa ba, sai dai ba mu saba kallon ta a haka ba: makarantar zaure. Bayan sallar asuba, ko tsakanin magariba da isha'i, za ka tarar da magidanta zaune kan tabarma, kowa da littafinsa. Tela ne, manomi ne, mahauci ne, tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya. Wanda layi ya zo kansa ya matso gaban malam, ya karanto jimla guda ta Larabci, malam ya fassara masa gaɓa-gaɓa da Hausa, ɗalibi na cewa “na'am”, har a kai inda malam zai ce a tsaya nan. Ya koma gefe ya bita, wani ya matso. Daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Iziyya da Risala. Mai son nahawu ya ɗauki Ajurumiyya, in ya yi nisa ya shiga Alfiyyar Ibn Malik.

Wannan tsari yana da rauninsa, kuma ya kamata a faɗa: yana fitar da mai karatu da fahimta fiye da mai magana. Mutum zai warware maka shafin fiƙihu mai wuya, amma ya je aikin Hajji ya kasa tambayar direba hanyar masauki, domin Larabcin littafi daban, na titin Makka daban. Duk da haka a lura da abin da zaure ya gane tun tuni. Kowa na tafiya da saurinsa. Ba jarrabawar da za a kafe sakamakonta a bango. Ana koyar da baƙon harshe ta cikin harshen da ɗalibi ya mallaka. Lokacin karatu ya kauce wa lokacin gona da kasuwa. Uwa uba, zaman mai shekara sittin a gaban malami ɗan shekara talatin ba abin kunya ba ne, abin yabo ne, mutane su ce Allah ya ƙara himma.

Malaman da suka kafa wannan ƙasa sun yi tunanin babban ɗalibi sosai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, Fulatanci ne harshen gidansu, amma ya rubuta littattafan nahawu da sarfu na Larabci, irin su Bahrul Muhiɗ da Hisnur Rasin. Da ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, sai ya sake yin wani taƙaitacce, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, domin ɗaliban da Larabcinsu bai kai su ɗauki na farkon ba. Wato ya sauko inda ɗalibi yake, bai tsaya a sama yana kira a hau ba. 'Yar ɗan'uwansa, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga yawancin matan karkara Hausa suke ji, sai ta riƙa mayar da karatu zuwa Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda shugabar tafiya, wato jaji, ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Da yawa daga cikin masu wannan tafiya a ƙasa dattawan mata ne da suka gama renon 'ya'ya.

Ko baƙin da suka ratsa nan sun bar misali. Bajamushen nan Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu. Ya kusa shekara talatin kafin ya fara jin Hausa, a kan hanya ya tsince ta daga bakin abokan tafiya, ya haɗa da Barbarci da Fulatanci. A Gwandu ne aka ara masa kwafin littafin Tarikhus Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafe abin da ya iya.

Me masu bincike suka gano?

Maganar icce ɗanye tana da ƙamshin gaskiya, amma ba dukkanta ba. A 1967 wani masani mai suna Eric Lenneberg ya yaɗa ra'ayin cewa akwai wani zango na ƙuruciya da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe, kuma yana rufewa wajen balaga. An yi shekaru ana gwada wannan magana. Inda ta fi tabbata shi ne lafazi. Jariri kan fara rasa iya bambance sautukan da babu su a harshen gidansu tun kafin ya cika shekara ɗaya. Shi ya sa Bahaushen da ya koyi Turanci da girma yake fama da bambancin “p” da “f”, yake kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, shi ya sa kuma Bature ko Bayarabe zai shekara ashirin a Birnin Kebbi bai daidaita “ƙ” da “ɗ” da “ts” ba.

Amma lafazi ba shi ne harshe ba. A 1978 Catherine Snow da abokiyar aikinta suka bi sawun masu jin Turanci da suka koma ƙasar Holan suna koyon harshen can, yara da matasa da manya. A watannin farko, matasa da manya ne suka yi wa ƙananan yara fintinkau. Sai daga baya yaran suka kamo su. A 2018 kuma Joshua Hartshorne da Joshua Tenenbaum da Steven Pinker suka fitar da sakamakon wani gwajin nahawun Turanci da mutum kusan 670,000 suka yi ta intanet. Sun gano cewa ƙarfin ɗaukar nahawu yana nan daram har wajen shekara 17, sannan ya fara raguwa. Raguwa suka ce, ba ƙarewa ba. Wanda ya fara da girma da wuya a kasa gane shi baƙo ne a harshen, amma zai iya karatu, ya rubuta, ya yi ciniki, ya kare kansa a gaban hukuma.

To manomin Zauro ba so yake ya karanta labarai a rediyon Landan ba. So yake ya gane abin da ke jikin kwalba da abin da banki ya aiko masa. Wannan buƙata ce ta 'yan ɗaruruwan kalmomi da ake maimaitawa kullum, kuma babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san abin da yake nema, ya san duniyar da kalmomin ke magana a kai. Ba sai an yi masa bayanin mene ne bashi ko riba ko wa'adi ba. Sunansu kawai yake nema a wani harshe.

Wa ke ɗaukar nauyin koyo?

A nan akwai maganar da ta shafe mu, mu Hausawa, kuma ba ta da daɗin ji. Girman harshenmu ya sangarta mu. Bafulatanar da ke kawo nono kasuwar Ambursa ita ta koyi Hausa. Badakkaren da ya zo aikin gwamnati daga Zuru, da Bazabarmen da ya zo ga-ruwa ko gadi, da Inyamurin da ya buɗe shagon kayan gyaran mota, duk su suka koyi tamu. Mu kuwa muna da BBC tun 1957, muna da finafinai da waƙoƙi da wa'azi duk da Hausa, sai muka zauna muna jira a zo a same mu. Mutum zai yi maƙwabtaka da ruga shekara arba'in, bai iya komai ba bayan “jam”.

Bayan haka kuma muna yi musu dariya. Zabarmanci ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, kalma ɗaya ce ke tsaya wa “shi” da “ita”. Don haka in Bazabarme ya ce “matata ya zo”, ba rashin basira ba ne, ƙa'idar harshensa ce ta biyo shi. Mu kuma da za mu shiga Fulatanci, inda suna ke da rukuni fiye da ashirin kuma farkon kalma ke sauyawa tsakanin tilo da jam'i, a ce “debbo” ga mace ɗaya, “rewɓe” ga mata, da mun gane cewa wanda ya ƙetaro zuwa Hausa da girmansa ya yi aikin da ya cancanci girmamawa. Masu wasan kwaikwayo sun mayar da gurɓatacciyar Hausar baƙo abin ban dariya, yara na kwaikwayo a unguwa. Illar ta dawo kanmu. Wanda ya saba dariyar kuskuren wani ya san abin da ke jiran sa ranar da ya buɗe baki da Turanci, sai ya zaɓi yin shiru. Har cikin Hausar ma ba mu bar juna ba: Bakabe ya ce “mi” da “tahi” da “hwara” a Kano, a bushe da dariya.

Kunyar nan ta fi tsanani ga magidanci. A al'adarmu babba ba ya kuskure a gaban ƙanana, kuma koyon harshe kuskure ne a bainar jama'a, safe da yamma. Ɗansa da ke aji uku na sakandare zai gyara masa, matarsa na ji. Mutane da yawa sun gwammace su biya wani ya cika musu takarda, ko su miƙa wa yaron mai POS katinsu har da lambar sirri, da a ji su suna in'ina.

Masu yi wa ƙasa hidima suna nuna cewa abin mai yiwuwa ne. Tun da aka kafa shirin a 1973 ake turo matasan kudu arewa, kuma waɗanda ke zuwa Kebbi suna fara zama a sansanin Dakingari. Wanda aka tura asibitin karkara ba shi da zaɓi: cikin 'yan watanni ya iya “ina ke ciwo?” da “tun yaushe?” da “sau uku a rana, bayan an ci abinci”. Kuma a asibiti ne ake ganin tsadar rashin harshe ƙuru-ƙuru. Mace ta zo da ciwon da ba ta iya faɗa a gaban kowa, likita ba ya jin Hausa ko ita ba ta ji sai Fulatanci, sai a kira ɗanta ko ƙanin mijinta ya yi tafinta. Rabin bayanin a cikinta zai koma gida.

Shinkafa ta zo da takardu

Tun 1969 ake maganar babban aikin ban-ruwa na fadamar Zauro, wanda aka tsara zai shayar da hekta sama da 10,000, har yau bai kammala yadda aka zana shi ba. Manoma ba su jira ba, suka haƙa rijiyoyin burtsatse suka sayi injina. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa rance. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu, ga na Labana a Birnin Kebbi. A 2021 a Zauro ɗin nan aka jera dalar buhunan shinkafa, manyan baƙi suka zo kallo.

Duk wannan ya zo da takarda. Rance na son asusun banki da lambar BVN da fom da sa hannu. Kamfani na auna danshin shinkafa ya rubuta a rasit, kuma wannan lambar ce ke yanke farashi. Mai saye daga kudu yana magana da Turancin buroka a waya. Sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, wanda ya tilasta wa mai tumatir da mai kifi karɓar kuɗi ta waya. Daga ranar, saƙon banki ya zama abin da dole a karanta, kuma 'yan damfara masu alat na bogi sun fi samun sa'a a kan wanda ba ya bambance saƙon shigar kuɗi da na fitarsu. A da, Bahaushen karkara na iya rayuwa ya mutu bai buƙaci Turanci ba. Yanzu Turancin ya biyo shi har cikin aljihu.

Ta yamma ma lissafi na sauyawa. A 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama harsunan aiki. Abin farin ciki ne ga mai jin Hausa, amma takardar kwastan da ta asibitin Doso ba za su sauya dare ɗaya ba, kuma Binin na nan da Faransancinta. Najeriya ta ayyana Faransanci harshen hukuma na biyu tun zamanin Janar Sani Abacha a 1996, tana kuma da cibiyar koyon sa a Badagry, can bakin teku. Direban Kamba da ke buƙatarsa kowane mako bai taɓa ganin amfanin wannan sanarwa ba.

Ajin da zai karɓi babba

Arewa ta taɓa yin yunƙurin gaske. A shekarun 1950 aka yi Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa, hukumar NORLA a Zariya na buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna; ta lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu ke cikinsa, ita ce Zaruma. Hikimar wancan shiri ita ce da Hausa aka fara, kuma an tanadi abin karantawa bayan an iya. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, wadda har UNESCO ta ba lambar yabo. A 1990 tarayya ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa, kowace jiha kuma tana da tata. Gine-ginen hukuma suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ajin da magidanci zai shiga bai ji an ƙasƙantar da shi ba.

Sau da yawa abin da ake yi shi ne a ari ajin firamare da yamma, a zaunar da mai iyali kan bencin yara, gwiwoyinsa na dukan tebur, a ɗauko littafin da aka rubuta don ɗan shekara shida, a ce ya maimaita sunan ƙwallo da kyanwa. Mako uku ya daina zuwa, a rubuta cewa manya ba su da sha'awa. Sannan ana fara masa kamar bai taɓa ganin rubutu ba, alhali yana karanta ajami. Wanda ya san cewa alama na wakiltar sauti ya riga ya haye rabin gulbi. Kwatanta masa baƙaƙen boko da na ajami ya fi sauri nesa da fara masa daga sifili. Ƙasar da ta cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007 ba ta nuna ta san darajar wannan jari ba.

Da za a tambaye ni, sai in ce a kai ajin inda manya suka riga suka taru da mutuncinsu: zauren mai unguwa, harabar masallaci bayan isha'i, rumfar ƙungiyar manoma, tashar mota. Littafin karatu ya zama kayan da ke hannunsu, kwalbar maganin feshi, buhun taki, rasit ɗin sikeli, katin asibiti, saƙon banki. A fara da karatun Hausa da boko na 'yan makonni, sannan a ɗora Turancin a kai, ana bayani da Hausa kamar yadda malamin zaure ke yi. A tsara zangon karatu da kalandar fadama, kada a kira mutum aji ranar dashe ko yankan shinkafa. A raba ajin dattawa da na samari, don kunya ta ragu. Malamai kuwa ba su yi wuya ba: ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ga na Kwalejin Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya a Birnin Kebbi, ga malaman makaranta da suka yi ritaya suna zaune a kowane gari. A biya su a kan kari, shi ne sharaɗin. A garuruwan iyaka a yi irin wannan da Faransanci. Ga ma'aikatan lafiya kuma a yi musu na Fulatanci da Zabarmanci, domin koyon bai kamata ya zama ta gefe ɗaya kullum ba.

Waya za ta taimaka, amma kada a ɗora mata abin da ba ta iyawa. Yawancin manhajojin koyon harshe sun ɗauka ka riga ka iya Turanci ko Faransanci. Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, sai dai wanda ba ya karatu ba zai san lokacin da ta yi masa kuskure ba, kuma kuskure a ma'aunin magani ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ya fi dacewa da mutanenmu shi ne saƙon murya na WhatsApp, wanda kowa ya iya: malami ya aiko da darasin minti biyu, ɗalibi ya saurara a gona, ya maimaita shi kaɗai ba mai jin sa, ya mayar da amsa. Gidajen rediyon jihar ma za su iya ware rubu'in awa bayan labaran dare.

Mata sun riga kowa nuna hanya. Islamiyyun matan aure sun cika a Birnin Kebbi da Argungu da garuruwan da ke tsakaninsu. Uwa da goyo, kaka da jika, suna koyon tajwidi da Larabci, ba wadda ke jin nauyin shekarunta, mazajen kuma sun amince da fitar. Waɗannan matan su ne masu turara shinkafa su casa su sayar, su ne masu kai yara awo da rigakafi, su ake miƙa wa katin asibiti da takardar magani. Ƙara awa ɗaya a mako a irin waɗannan makarantu, ta karatun boko da Turancin asibiti da na kuɗi, ba ya buƙatar sabon gini ko sabon izini daga miji. Yana buƙatar malama ɗaya da allo, da hukumar da za ta zauna da shugabannin makarantun ta tambaye su ranar da ta fi musu sauƙi.